Amsoshin Tambayoyinku: An yi wa a-kori-kura gyaran ƙara ƙarfi, ta koma zuƙar mai

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Ikko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kusan duk wasiƙar da ta zo mana kan mota, shan mai take kuka da shi. Yau mun ware guda huɗu kan a-kori-kura, kuma muna tare da injiniyan motoci. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a Mile 12. Ya ce yana da Hilux mai fetur, injin lita 2.7, yana ɗaukar albasa da tumatir zuwa Ikorodu. An jona mata kwamfuta an sauya lissafin birenbos, wato kwamfutar motar da ke sarrafa inji, don ta ƙara ƙarfi, a rana guda kuma aka sa mata manyan tayoyi. Ƙarfi ya samu, amma man da yake kai shi kwana biyar, yanzu kwana uku ya ƙare. Ina zai fara?

Injiniya: Alhaji, a gidan mai za ka fara, ba a gareji ba. Kwana ba ma'auni ba ne a Legas. Ranar da ka kwashe awa biyu a gosulon hanyar Ikorodu, inji na ƙona kusan lita guda a kowace awa mota tana tsaye, in da AC ya fi haka, kuma ko kilomita ɗaya ba ka ƙara ba. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da mitar tafiya sifiri, ka yi aikinka, ka dawo famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomita da litar da ta sha. Kilomita 420 a lita 60, bakwai ke nan a kowace lita. A yi haka sau biyu ko uku. Lambar da allon gaban direba ke nunawa kuwa, a ajiye ta gefe, don birenbos ne ke ƙirga ta daga daɗewar buɗewar nozul mai fesa mai cikin inji, kuma shi aka taɓa.

To ga tayoyin. Idan da 265/65R17 ce aka koma 285/70R17, tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. Mita ba ta san an canja ba, sai ta riƙa rage maka tafiya. Wannan 420 ɗin a gaskiya kusan 450 ce, lissafi ya koma bakwai da rabi. Wani ɓangare na asarar a takarda kawai yake. Sauran kuma na gaske ne, don babbar taya mai manyan haƙora ta fi nauyi, ta fi wahalar juyawa, musamman a tashi-tsaya.

Mai gabatarwa: Idan ya auna ya ga da gaske ta ƙara sha fa?

Injiniya: Sai a sa sikana, na'urar da ake jona wa mota don karanta birenbos, kuma ba don karanta lambar laifi kawai ba. Wasu masu sauya lissafin sukan kashe wutar gargaɗin inji gaba ɗaya, saboda haka rashin wuta a allo ba shaidar lafiya ba ne. A buɗe shafin da ke nuna abin da inji ke yi yana aiki, bayan an yi tafiyar minti ashirin.

Abin dubawa na farko zafin ruwa. Tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumi, na yawancin waɗannan injinan yana buɗewa ne wajen digiri 82, inji kuma ya zauna tsakanin 85 da 95. Idan ka ga 60 ko 70, to an cire tamostat, abin da bakanikenmu da yawa ke yi da sunan wai na ƙasashen sanyi ne. Birenbos zai ɗauka inji bai gama ɗumi ba, ya yi ta ƙara mai kamar da asuba. Wani lokaci yakan ba da lambar laifi P0128.

Daga nan sai layukan da aka rubuta STFT da LTFT. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi ɗaya, waɗannan lambobin kuma suna faɗa maka yawan gyaran da birenbos ke yi don ya tsaya a nan. Tsakanin ragi 5 da ƙari 5 lafiya lau. Ya wuce 10, akwai magana. Idan ƙari ne, misali 18 a silo, da ka taka totur zuwa juyi 2,500 ya sauko kusa da sifiri, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya: tiyo ya tsage, ko ba a ɗaure bututun iska da kyau ba bayan aiki. Idan ragi ne mai yawa, mai ne ya yi yawa, ko nozul na ɗiga, ko sabon lissafin ne ke ambaliya. Nan ake ganin P0172. Kwance fulogi ɗaya ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Baƙin toka busasshe kamar gindin tukunya, mai ya fi iska. Zaro sandar baƙin mai ma ka shinshina, in tana warin fetur to ya fara gangarawa ƙasa, a canja baƙin man bayan gyara.

Akwai sensar iska da ke bayan akwatin filta, kusoshi biyu ke riƙe da ita. A cikinta akwai waya siririya kamar gashi. Idan an sa irin buɗaɗɗen filtan nan da ake shafa wa mai, man yakan biyo iska ya lulluɓe wayar, ƙurar hunturu ta manne a kai, awo ya lalace. A fesa mata maganin wanke sensa, ba fetur ba, ba na kafireta ba, kada a taɓa wayar da komai, a bar ta ta bushe minti goma.

In duk wannan ya fita lafiya, laifin lissafin ne. Da yawa ana sauko su ne daga intanet, an rubuta su don fetur mai ƙarfin 95 ko 98 na Turai. Da man da aka fi samu a nan, inji zai fara ƙwanƙwasa, sensa ta ji, birenbos ya ja taimin baya, ka rasa ƙarfin ka kuma biya kuɗin mai. Wasu kuma suna sa inji ya shiga yanayin cikakken ƙarfi, iska wajen kashi 12 kacal, tun ana ɗan taɓa totur. Ka koma wurin wanda ya yi aikin ya mayar maka da lissafin asali, ka sake awo na tanki biyu. Wanda bai ajiye kwafin na asali ba kafin ya goge, bai cancanci a ba shi mota ba. Ni dai ra'ayina, injin fetur marar turbo abin da yake ƙarawa da irin wannan gyara kaɗan ne, bai kai wahalarsa ba. Yawanci totur kawai ake sa wa sauri, mota ta riƙa zabura, direba ya ji daɗi ya ƙara takawa.

Mai gabatarwa: Wato har da ƙafar Alhaji a cikin masu laifi.

Injiniya: Allah ya huci zuciyarsa, amma haka ne.

Mai gabatarwa: Ta biyu daga Alaba Rago. Nasa Hilux ne mai gas, wato dizal, injin lita 3.0 D-4D. An wanke nozul, an canja biyu, an kuma maƙala masa wani ɗan akwati a jikin wayoyi. Yanzu in ya hau gada da lodi, baƙin hayaƙi ke bin sa.

Injiniya: Baƙin hayaƙi a injin gas mai ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Akwatin nan, mai arha a cikinsu ƙarya yake yi wa birenbos. Yana ce masa matsin mai a bututu ya yi ƙasa, shi kuma ya ƙara matsi. Kashe mota, cire shi, mayar da soket yadda yake, aikin minti biyar ne.

Sai nozul. Kowane ɗaya na irin wannan inji yana da doguwar lamba a kansa, kuma dole a shigar da ita cikin birenbos da sikana, a silindar da aka sa shi. Idan an canja ba a shigar ba, ko an wanke an musanya musu gurbi, awon mai ya rikice. A kuma tambaya ko an sa sabbin wasoshin da nozul ke zama a kai. Ba a maimaita tsofaffi, don in suka yi yoyo hayaƙi na shiga baƙin mai ya daskarar da shi, har ya toshe matatar famfon baƙin mai a ƙasan inji. Wannan kashe inji yake yi ɗungurungum.

Bi tiyon da ya taso daga turbo har zuwa inji da hannu. Inda ka ga ƙura ta jiƙe da mai ta yi baƙi a bakin maɗauri, ko kana jin fito idan an taka, nan iska ke gudu. Mai ya shiga daidai, iska ta gaza, sai hayaƙi. Bawul ɗin EGR ma, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, in gawayi ya riƙe shi a buɗe haka yake yi.

Mai gabatarwa: Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce direbanta ya kai motar sabis, aka ce indomi ya toshe aka cire. Tun ranar kuɗin mai ya ƙaru, har ta fara zargin direban.

Injiniya: Hajiya a yi haƙuri da shi tukuna. Indomi shi ne matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma yana da kasuwa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, shi ya sa wasu ke saurin cewa ya toshe. Cire shi kaɗai ba ya cika jawo shan mai sosai. Ɓarnar tana wajen yanka da walda. A kan ƙona sensar oksijin ta gaba, ko a bar soket ɗinta a cire, ko a bar ɗan rami a walda kusa da ita. Iska ta shiga ta ramin, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara. A tayar da mota da sanyin safiya a saurari ƙasa, za a ji tif-tif a wurin yoyon, a kuma ga layin baƙin toka. In za a sayi sensa a kasuwar kayan mota ta Ladipo, a je da lambar da ke jikin tsohuwar. Ta gaba da ta baya a Toyota da yawa ba iri ɗaya ba ne, ko da zarensu ya shiga ramin juna.

Idan damina ce, a taɓa kowane wili bayan tafiya. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa ya kama saboda shiga ruwa. Iskar taya kuma a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya saba ba.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Agege. Maganaɗisun da ake ɗaura wa tiyon mai, da ɗan abin da ake sokawa a soket ɗin sikana wai yana rage sha, suna aiki?

Injiniya: Ba sa yi. Fetur ba ƙarfe ba ne balle maganaɗisu ya ja shi, na soket ɗin kuma in ka fasa yawancinsu ƴar fitila ce kawai a ciki. Ya sayi tamostat da kuɗin.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Mai aiko da tambaya kan mota ya haɗa da shekararta, girman inji, da ko fetur ce ko gas. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.