Kuɗin Goro a Kotun Mayu ta Salem

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu je garin Salem da ke Massachusetts a Amurka, a shekarar 1692. A can aka zargi mutane sama da 200 da maita, aka rataye 19, aka danne dattijo Giles Corey da duwatsu har ya cika. A 1953 marubuci Arthur Miller ya mai da wannan labari wasan kwaikwayo mai suna The Crucible. Abin da za mu duba a cikinsa kuskuren tunani ne guda ɗaya: mutum ya ga abu ɗaya ko biyu, ya yi wuf ya yanke hukunci a kan duka. Wato ya yi kuɗin goro.

Mu fara da gidan John Proctor, manomi. Da dare limamin coci John Hale, wanda aka gayyato daga Beverly don ƙwarewarsa a sha'anin mayu, ya zo auna imanin gidan. Ya duba littafin coci, ya ga Proctor ya halarci ibada sau 26 kacal cikin wata 17. Ya ji ɗansa na ƙarshe ba a yi masa baftisma ba. Sai ya ce ya karanto masa Dokoki Goma. Proctor ya kawo tara, ɗaya ta shige masa, sai da matarsa Elizabeth ta tuna masa: haramcin zina.

To, me Hale ya samu a nan? Mutumin da ba ya yawan zuwa coci, kuma ya manta doka ɗaya. Proctor ma ya bayar da dalili: matarsa ta yi jinya da hunturu, kuma ya gaji da wa'azin Parris, limamin cocin Salem, wanda ya nace sai an saya wa coci mazaunin kyandir na zinariya. Amma a wurin Hale addini ganuwa ce, kuma ba a raina tsagar da ke jikin ganuwa komai ƙanƙantarta. Daga alamu uku sai zargi ya rufe gidan baki ɗaya.

Gwanintar Miller ita ce, mu masu kallo mun san akwai abin da Proctor ke ɓoyewa, domin ya taɓa neman Abigail Williams, tsohuwar 'yar aikinsu, wadda ke jagorantar 'yan matan da ke zargin mutane da maita. Ke nan mantuwar tana da ma'ana, sai dai ba ma'anar da Hale ke nema ba. Alamar gaskiya ce, fassarar ce ta kauce. Kuma ku lura, Hale ba mugu ba ne. Mai ilimi ne, ya zo da tulin littattafai da kyakkyawar niyya. A ganina wannan ya fi ban tsoro fiye da ƙaryar Abigail, don ita ta san ƙarya take yi.

A nan sai a yi hattara, don ɗalibai kan cakuɗa wannan kuskure da wani. A cikin wasan, wani mutum mai suna Walcott ya sayi alade a hannun Martha Corey, matar Giles Corey, aladen ya mutu, daga baya ya ce ita ta yi wa dabbobinsa maita. Wannan ɗaukar "abin da ya biyo baya" ne a matsayin "abin da ya haddasa". Kuɗin goro kuwa daga kaɗan yake tsallakawa zuwa duka.

Inda ya fi fitowa fili shi ne cikin kotu. Mutum 91 suka sa hannu a takarda cewa sun san Rebecca Nurse da Martha Corey da Elizabeth Proctor, matan da ake tuhuma da maita, ba su taɓa ganin sun yi hulɗa da Shaiɗan ba. Wannan shaida ce ta shekara da shekaru, daga maƙwabta. Mataimakin gwamna Danforth bai auna ta da ihun 'yan mata 'yan ƙalilan ba. Umarni ya bayar a kamo su duka a yi musu tambayoyi. Ƙaramar hujja ta zama ma'auni, babbar kuma ta koma laifi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jifan tsohuwa da sunan mayya a unguwa saboda yaro ya ambaci sunanta cikin zafin zazzaɓi, ya san wannan lissafi.

Miller ba don Salem kaɗai ya yi rubutun ba. A zamanin Sanata Joseph McCarthy, wanda ya yi fice wajen farautar 'yan kwaminisanci a Amurka, halartar taro ɗaya na iya sa a kira mutum ɗan kwaminisanci, ya rasa aikinsa. A 1956 shi kansa Miller ya gurfana gaban kwamitin majalisar wakilai, ya ƙi ambaton sunayen waɗanda suka halarci tarurruka tare da shi. Aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.