Hana Tallan Kuɗin Kirifto a Intanet: Kare Jama'a ne ko Toshe Baki?

A ranar 30 ga watan Janairun 2018, kamfanin Facebook ya sanar da cewa ya daina karɓar duk wani talla da ya shafi kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin waɗanda ba gwamnati ko banki ke buga su ba, har da tallan sababbin sulallan da ake sayarwa domin tara jari, waɗanda aka fi sani da ICO. Ba a cika wata biyu ba sai Google ya bi sahu, inda ya ce nasa haramcin zai fara aiki a watan Yuni, kuma kafin watan Maris ya ƙare Twitter ya hana tallan sayar da sababbin sulalla. Kamfanin Mailchimp, wanda 'yan kasuwa da mawallafa ke amfani da shi wajen aika wasiƙun imel ga dubban mutane lokaci guda, shi ma ya rufe ƙofarsa, sannan Microsoft ya biyo baya a manhajarsa ta bincike, Bing. Nan take masu harkar kirifto suka yi ca, suna cewa an toshe musu baki kuma an tauye musu 'yancin faɗar albarkacin bakinsu. Masu kallo, wannan zargi ne za mu auna a yau, kuma amsarsa ta dogara ne da abin da aka hana, da wanda ya hana, da kuma yadda aka yi hanin.

Ya kamata mu fara da halin da ake ciki a wancan lokaci. A farkon shekarar 2017 farashin Bitcoin ɗaya bai wuce kusan dala 1,000 ba, amma zuwa watan Disamba ya doshi dala 20,000. Wannan tashin gwauron zabi ya jawo mutanen da ba su taɓa zuba jari a komai ba, ya kuma jawo waɗanda ke jiran irin waɗannan mutane. Duk wanda ya iya buɗe shafi a intanet, ya rubuta takardar da ke bayyana wani shiri mai daɗin ji, yana iya ƙirƙirar sulalla ya sayar, ba tare da wata hukuma ta duba ko akwai kamfani na gaskiya a bayan maganar ba. Shirin BitConnect, wanda ya yi wa mutane alkawarin riba mai yawa a kowane wata, ya durƙushe a tsakiyar watan Janairun 2018, makonni biyu kacal kafin sanarwar Facebook, kuma daga baya hukumomin Amurka suka ce damfarar ta kai dala biliyan 2 ko fiye. Shugabar wani shirin damfarar kirifto mai suna OneCoin, Ruja Ignatova, ta ɓace a watan Oktoban 2017, bayan shirinta ya kwashi kusan dala biliyan 4 daga hannun jama'a a ƙasashe daban-daban.

Su kansu kamfanonin suna da fargabar da ta shafi aljihunsu. A watan Afrilun 2018, Martin Lewis, wani fitaccen mai bai wa jama'a shawara kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ya maka Facebook a kotu saboda tallace-tallacen damfara da ke ɗauke da hotonsa da sunansa ba da yardarsa ba. Ya janye ƙarar a farkon 2019, bayan kamfanin ya amince zai bayar da fam miliyan 3 domin aikin yaƙi da zamba, kuma zai samar da hanyar kai ƙorafi kan irin waɗannan tallace-tallace. Kamfanin da ya karɓi kuɗi ya nuna wa mutum talla, kuma ya zaɓi wanda zai nuna wa bisa bayanan da ya tattara a kansa, ba zai iya wanke hannunsa cikin sauƙi ba idan tallan ya kai mutumin ga asara.

To, shin hana talla daidai yake da hana magana? A ganina ba daidai suke ba, kuma bambancin ya fi girman yadda masu ƙorafi ke son a ɗauka. Bayan haramcin 2018, mutum na iya rubuta ra'ayinsa kan Bitcoin a shafinsa na Facebook, ya buɗe zauren tattaunawa, ya yaba ko ya kushe, kuma mai bincike a Google na iya samun shafukan kamfanonin kirifto kamar da. Abin da aka hana shi ne biyan kuɗi domin a kai saƙo gaban wanda bai nema ba. Jarida ma tana da shafin labarai da ra'ayoyi, tana kuma da shafin talla, kuma editan da ya ƙi sayar wa wani ɗan kasuwa fili a shafin talla bai hana shi magana ba, ya dai ƙi yin ciniki da shi ne.

Dokoki ma haka suka kalli lamarin. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, mai kare 'yancin magana, wanda masu wannan muhawara ke yawan kafa hujja da shi, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai shafi kamfani mai zaman kansa ba. Ko a wajen gwamnatin ma, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar Central Hudson ta 1980 cewa kariyar da talla ke da ita ba ta kai ta sauran magana ba, kuma tallan da ke yaudarar mutane ba shi da wata kariya. A 2024, a shari'ar Moody da NetChoice, kotun ta nuna cewa zaɓen abin da dandali zai nuna wa masu amfani da shi na iya zama wani ɓangare na 'yancin maganar shi kansa kamfanin. A matakin duniya kuwa, sashe na 19 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1966, ya tabbatar da 'yancin bayyana ra'ayi, amma ya ba da damar taƙaita shi idan doka ta tanada kuma akwai buƙatar kare haƙƙin wasu. Ƙasashe da dama sun daɗe da haramta tallan taba sigari bisa irin wannan dalili, kuma ba a cika jin wanda ke kiran haka danniya ba.

Mai son ganin toshe baki na haƙiƙa a wannan fanni ya dubi China. A can gwamnati ce ta haramta ICO a watan Satumban 2017, a watan Agustan 2018 aka rufe shafukan wasu kafofin labaran kirifto a manhajar WeChat bisa dokokin hukuma, sannan a watan Satumban 2021 aka ayyana duk wata hada-hadar kirifto a matsayin haramtacciya. Inda hukuma ce ta ba da umarni, kuma labari da tattaunawa aka rufe, wanda abin ya shafa ba shi da wani dandalin da zai koma a cikin ƙasar.

Sai dai kada mu yi gaggawar sallamar masu ƙorafi, domin akwai wuraren da hujjarsu ke da ƙarfi sosai. A shekarun da ake maganar, Google da Facebook kaɗai ke karɓar fiye da rabin kuɗin tallan intanet a Amurka. Idan jarida ɗaya ta ƙi tallanka, akwai wasu ɗari da za ka je wa, amma idan kamfanoni biyu ko uku da ke riƙe da hankalin biliyoyin mutane suka juya maka baya a cikin 'yan makonni, sakamakon a aikace ya yi kama da na dokar ƙasa, alhali babu majalisar da ta zauna a kai, babu kuma kotun da za ka ɗaukaka ƙara. Facebook da kansa ya faɗa a sanarwarsa cewa da gangan ya faɗaɗa haramcin, har zuwa lokacin da zai iya gane tallan yaudara da kyau. Ma'ana, an yi wa kowa kuɗin goro. Kamfanin da ke da rajista, da mai shirya taron ilimi, da ɗan damfara, duk hukunci ɗaya ya hau kansu, saboda tantancewa na da tsada kuma hana kowa ya fi arha.

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne lokutan da matakin ya tsallake talla ya shiga cikin magana. A ƙarshen watan Disamban 2019, YouTube ya cire ɗaruruwan bidiyoyi da suka shafi kirifto, ciki har da na koyarwa da na sharhi waɗanda ba sa sayar da komai, tare da yi wa masu su gargaɗin cewa sun wallafa abu mai cutarwa. Bayan an yi ta ce-ce-ku-ce, kamfanin ya ce kuskure ne, ya mayar da bidiyoyin. A watan Agustan 2022 kuma Mailchimp ya dakatar da asusun wasu masu aika wasiƙun labarai, ciki har da kafar labarai ta Decrypt da kamfanin bincike na Messari. Wannan lamari na wasiƙu ya bambanta da na talla ta wata fuska mai muhimmanci, domin wanda ke karɓar wasiƙar shi ne ya rubuta adireshinsa da hannunsa ya ce a aiko masa. Idan aka yanke tsakanin marubuci da mai karatun da ya nemi rubutunsa, ba tare da bayani ba kuma ba tare da hanyar kare kai ba, to ko da doka ba ta kira shi tauye 'yanci ba, wanda ya ce an toshe masa baki bai yi ƙarya ba.

Akwai kuma batun son kai. Watanni kaɗan bayan haramcin, a watan Mayun 2018, Facebook ya kafa wani sashe na musamman ƙarƙashin wani babban jami'insa, David Marcus, domin nazarin fasahar da kirifto ke gudana a kanta. A watan Mayun 2019 ya ƙara sassauta dokar tallan, a watan Yuni kuma ya bayyana shirin fito da nasa kuɗin mai suna Libra, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Diem kafin a yi watsi da shi a farkon 2022. Jerin waɗannan ranaku kaɗai bai isa ya tabbatar da mugun nufi ba, kuma ya kamata a tuna cewa sassaucin farko ya zo ne tun a watan Yunin 2018. Amma duk wanda ke alƙalanci a kasuwar da shi ma yake shirin baje hajarsa, dole ne a riƙa duban hukuncinsa da ayar tambaya.

Tambaya ta gaba ita ce ko hanin ya kare waɗanda aka ce don su aka yi shi. A nan labarin ba mai daɗi ba ne. 'Yan damfara ba su damu da doka ba tun asali, don haka suka riƙa sauya haruffan kalmomi, suna ɓoye ainihin shafin da tallan ke kaiwa, suna kuma ci gaba da amfani da fuskokin fitattun mutane. A watan Maris na 2022, shekaru huɗu bayan haramcin farko, hukumar kare masu sayayya ta Ostareliya ta kai kamfanin Meta, mamallakin Facebook, kotu kan tallace-tallacen damfarar kirifto masu ɗauke da hotunan sanannun 'yan ƙasar. Wani ɓangare na kuɗin tallan kuma ya koma hannun taurari da masu ɗimbin mabiya, inda talla ke zuwa da kamar shawarar aboki. A watan Oktoban 2022, Kim Kardashian ta amince ta biya dala miliyan 1.26 ga hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, saboda ta tallata sulallan EthereumMax a Instagram ba tare da ta bayyana cewa dala 250,000 aka biya ta ba. Shi kuwa kamfanin hada-hadar kirifto na FTX, wanda ya yi talla mai tsada a talabijin lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wato Super Bowl, na watan Fabrairun 2022, ya rushe a watan Nuwamban shekarar da biliyoyin dalolin abokan hulɗarsa, kuma a 2024 aka yanke wa shugabansa Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25. Babbar asarar ta zo ne daga wanda ke da kuɗi da sunan da zai buɗe kusan kowace ƙofa.

Wannan ne ya sa a hankali aka bar haramcin bai ɗaya aka koma ga lasisi. Google ya fara karɓar tallan kasuwannin kirifto masu rajista a Amurka da Japan a watan Oktoban 2018, Meta kuma a watan Disamban 2021 ya ƙara yawan lasisin da yake amincewa da su daga 3 zuwa 27. Gwamnatoci ma sun karɓi aikin da a da suka bar wa kamfanoni. Tun daga ranar 8 ga Oktoban 2023, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta wajabta gargaɗin haɗari a kowane tallan kirifto, ta hana ladan kawo aboki, ta kuma tilasta jinkirin awa 24 ga wanda zai fara zuba jari. Irin wannan doka na iya zama mai tsauri, amma a rubuce take, an san wanda ya kafa ta, kuma ana iya ƙalubalantar ta a kotu.

Dangane da cire rubutu ko rufe asusu ba tare da bayani ba, wanda shi ne ainihin inda ƙorafin toshe baki ke da tushe, Tarayyar Turai ce ta fi yin nisa. Dokarta ta ayyukan intanet, wadda ta fara aiki a kan dukan dandali a watan Fabrairun 2024, ba ta tilasta wa kamfani ya karɓi tallan kowa ba. Ta dai wajabta masa ya faɗa wa mutum dalilin da ya sa aka cire abin da ya wallafa ko aka dakatar da asusunsa, ya buɗe masa hanyar ɗaukaka ƙara kyauta, kuma idan bai gamsu ba yana da damar kai maganar gaban wata hukumar sasanci mai zaman kanta ko gaban kotu.