Tura likita karkara daban, zamansa daban

Duk sanda ɗalibar likitanci ta ce idan ta gama za ta je inda babu likita, sai ka ji ana cewa: "Kowa haka yake faɗa. A sa ta ta rattaba hannu kan yarjejeniyar aiki a can kawai." To, a nan aka kuskure.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke can ba su kai kashi 25 cikin 100 ba.

Rattaba hannun dai ana yi. A Amurka akwai shirin gwamnati da ke biya wa ɗalibi karatu, ya rama da aƙalla shekara 2 a yankin da ke da ƙarancin likitoci. A Japan, Jami'ar likitanci ta Jichi da aka kafa a 1972 shekara 9 take nema. Yarjejeniya tana kai likita wurin, wannan ba musu.

Amma mu tsaya a nan: ranar da wa'adin ya cika. Takarda ta gama aikinta. Me zai hana likitar ta ɗaure kayanta?

Amsar tana can baya, tun ranar ɗaukar ɗalibai. Shawarar hukumar ita ce a ɗauki 'yan karkara, a kuma koyar da su a can, domin su suka fi zama. Ka ɗauka ga wata ɗaliba 'yar karkara a gabanka. Ta durƙusa gaban tsohuwa, tana mata magana da yarenta, tana ɗaura mata abin awon jini ba tare da gaggawa ba. Ba ta tambayi me ya sa aka makara da zuwa ba, ta san nisan hanyar, ta taka ta da ƙafarta. Ni kam wannan hoton ya fi taɓa ni.

Ɗan birni ma yana iya zama, musamman idan ya yi watanni yana koyon aiki a ƙaramin asibiti tun yana ɗalibi.

Sauran kuma hakkin masu iko ne: gida, wuta, magani a rumbu, makarantar yara. Da kuma lambar babban likitan da zai ɗauki waya ƙarfe 2 na dare, idan haihuwa ta zo da gardama kuma likitar ita kaɗai ce a ɗakin.