Asibiti ya sallami dattijonmu, amma babu mai karɓarsa: jawabin sakataren walwala

Mai girma shugaba, ina neman izininka in ajiye takardar rahoton da aka ɗora mini karantawa, domin abin da ke cikinta bai kai a ɓata wa jama'a lokaci ba. An yi walimar Sallah lafiya, makarantar yara ta ranar Asabar tana tafiya, an sabunta hayar wannan zaure, sauran kuma sakatare zai tura wa kowa a waya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da dattijonmu yake ciki a asibiti, da kuma halin da asusun walwala yake ciki a daidai lokacin da ake matuƙar buƙatarsa.

Ga waɗanda ba su sami zuwa dubiya ba, likitoci sun gama nasu aikin tun makonnin baya. Sun ce shanyewar ɓarin jikin ta tsaya inda ta tsaya, kuma babu abin da gadon asibiti zai ƙara masa. Duk da haka har yau yana kwance, saboda gidansa bene ne, banɗaki yana sama, Hajiya matarsa ita ma gwiwa ta hana ta sakat, 'ya'yan kuwa aiki ya rarraba su a wasu garuruwa. Ana jiran a auna irin taimakon da yake buƙata, a samo masu zuwa gida safe da yamma su ɗaga shi su yi masa wanka, sannan a auna aljihunsa a ga wanda zai biya. Tun ranar da aka ce an sallame shi Hajiya ta haɗa kayansa a jaka. Jakar tana nan a gefen gado, kullum sai ta zuge ta ciro riga ɗaya ta sake zugewa. Shi kuwa abin da ya roƙe ni shi ne in tambayar masa ko za a juya gadon ya fuskanci alƙibla, tunda zaman ya ƙi ƙarewa.

Iyayena da 'yan'uwana, da yawa daga cikinmu mun zauna a ƙasar nan ta Birtaniya da tunanin cewa duk abin da ya shafi rashin lafiya kyauta ne, tunda ana cire mana haraji kafin albashi ya shigo hannu. Wannan rabin zancen ne. A shekarar 1948, lokacin da ministan lafiya Aneurin Bevan ya kafa hukumar lafiya ta NHS, an yi wata doka daban wadda ta bar kula da tsofaffi da naƙasassu a hannun ƙananan hukumomi, kuma ta ce a duba ƙarfin mutum kafin a taimaka masa. Tun daga nan abin ya rabu biyu. Tiyata da gadon asibiti da maganin da ake ba ka a can ba a tambayarka ko sisi. Wanka da sa tufafi da ciyarwa da kai mutum banɗaki kuwa, waɗannan ba a lissafa su cikin magani, sai an leƙa asusunka na banki. Shi ya sa mai ciwon daji zai sha magani na dubban fam ba tare da an turo masa takardar biya ba, maƙwabcinsa mai ciwon mantuwa kuma ya ƙarar da abin da ya tara tun yana saurayi, alhali babu wanda ya zaɓi cutarsa a cikinsu.

Ku riƙe wannan adadi: fam 23,250. A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura haka shi zai biya kuɗin kula da shi gaba ɗaya. Sai ta sauko ƙasa da fam 14,250 ake daina taɓa ajiyarsa, kuma ko a nan ana karɓar fanshonsa, idan yana gidan kula da tsofaffi a bar masa kimanin fam 30 a mako na sabulu da aski. Tun shekarar 2010 ba a ɗaga waɗannan adadi ba, ga shi a wurare da dama gidan kula da tsofaffi ya wuce fam 1,000 a mako. Dattijonmu ya haura wannan iyaka, ba don yana da wadata ba, sai don kuɗin da ya daɗe yana tarawa domin ya rufe ginin da ya fara a gida. Kuma kada wani ya ce da ya sani da ya tura kuɗin gida tun da wuri, domin kadarar da mutum ya mallaka a wata ƙasa ma tana shiga lissafi, wanda kuma ya rabar da dukiyarsa don gudun biya, hukuma na iya lissafa masa ita kamar tana hannunsa. Gidan da yake ciki dai ba za a taɓa shi ba matuƙar Hajiya tana zaune a cikinsa, wannan kam mun gode Allah. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Glasgow nasu tsarin daban ne, tun 2002 aka mayar da irin wannan hidima ta wanka da ciyarwa kyauta ga tsofaffi a can Scotland.

Wani zai ce ai gwamnati na shirin gyarawa. Bari in tuna muku tarihin wannan gyara. A 2011 kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawarar a sa iyaka ga abin da mutum zai kashe a tsawon rayuwarsa, idan ya kai iyakar gwamnati ta ɗauki sauran. An sa abin a dokar 2014, aka ce zai fara aiki a 2016 a kan fam 72,000, sai aka ɗage. A zaɓen 2017 firaminista Theresa May ta fito da nata tsarin, aka yi masa ca, ta ja da baya, ta kuma rasa rinjayen da take da shi a majalisa. Boris Johnson ya tsaya a ƙofar fadar firaminista a 2019 ya yi alkawarin kawo ƙarshen matsalar, a 2021 ya sanar da iyakar fam 86,000 tare da ƙarin haraji na kashi 1.25 cikin ɗari. An soke harajin a 2022, aka ɗage iyakar zuwa Oktoban 2025, sannan a Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke ta ɗungurungum da hujjar babu kuɗi. A 2025 an sake kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Louise Casey, wanda aka ba shi har zuwa 2028 ya miƙa rahoton ƙarshe. Manyan jam'iyyun biyu, Conservative da Labour, duk sun taɓa wannan magana, duk sun sake ta, saboda wanda ya ce zai ƙara haraji ya san abin da zai tarar a akwatin zaɓe. To ni tambayata ita ce, dattijonmu zai zauna da jakarsa a gefen gado har 2028 ne?

Abin takaicin shi ne ita kanta NHS ɗin wannan matsala ce take cinye ta. Rahoton da Lord Darzi ya fitar a Satumban 2024 ya nuna hukumar tana cikin mawuyacin hali, jerin masu jiran magani ko tiyata a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. A kowace rana sama da mutum 12,000 suna kwance a gadon asibiti alhali likita ya sallame su, galibinsu saboda babu inda za a kai su ko babu wanda zai kula da su a gida. Gadon da dattijonmu yake kai, akwai wani da ke kan keken marasa lafiya a baranda yana jiransa, a bayan wancan kuma akwai motar asibiti da ta kasa sauke wanda ta ɗauko, a bayanta akwai wanda ya buga waya tun dare bai ga mota ba. Shi kansa ya san da haka, kuma abin yana damunsa, domin mutum ne mai kunya.

Gwamnati ta ce za ta rushe hukumar da ke kula da NHS a Ingila ta mayar da aikinta ma'aikatar lafiya, kuma a Yulin 2025 ta fitar da shirin shekara goma: a rage dogaro da asibiti a koma unguwanni, a bar takarda a koma na'ura, a fifita rigakafi a kan magani. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma idan aka ce a mayar da mara lafiya unguwa ba tare da an biya wanda zai kula da shi a can ba, to kan matarsa da 'yarsa aka mayar da shi. Ƙananan hukumomin da aka ɗora wa nauyin su ma numfashi suke da ƙyar. Tun 2016 ake ba su damar ƙara wani kaso a harajin gidaje domin kula da manya, duk da haka Birmingham da Nottingham sun bayyana a 2023 cewa kuɗinsu ba zai kai su ƙarshen shekara ba. A ganina Jamus da Japan sun fi kama hanya. Jamus tun 1995, Japan tun 2000, suka kafa inshora ta musamman wadda masu aiki ke zuba kaɗan-kaɗan, duk wanda tsufa ya kayar a ɗauke shi daga ciki. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu mata suna adashi ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Akwai abin da nake alfahari da shi, kuma shi ne yake ƙara ƙona mini rai. Ku dubi zauren nan. Nawa ne a cikinmu suka fito daga aikin dare a gidajen tsofaffi suka zarce nan ba su runtsa ba? 'Ya'yanmu da ƙannenmu ne suke juya tsofaffin ƙasar nan a kan gado, su ba su abinci a baki, su tare fushin mai ciwon mantuwa da fara'a, a kan albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi. Sakamakon da suka samu shi ne, daga Maris na 2024 aka hana sababbin masu bizar wannan aiki zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje baki ɗaya, ana kuma maganar tsawaita shekarun da mutum zai yi kafin ya sami izinin zama na dindindin. An ƙwace lasisin ɗaruruwan kamfanoni saboda cutar ma'aikata, amma ma'aikacin da aka cuta shi ake ba kwana 60 ya nemo wani kamfanin ko ya tattara. Wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa namu ne, bizarsu kuma ta hana su karɓar tallafin gwamnati, don haka asusun walwala ne ya biya musu haya ya sayi abinci. Ban yi nadamar ko fam ɗaya ba. Amma can kuɗin suka tafi, kuma ba su dawo ba.

Ba su dawo ba ne saboda fiye da rabin sunayen da ke littafin ma'aji suna da bashin kuɗin wata. Ba da ɗalibai nake ba, ba kuma da waɗanda suka rasa aiki ba. Da masu hali nake, waɗanda idan ana biki su ne kan gaba wajen liƙi, idan ma'aji ya buga waya kuma sai a ce ana kan tuƙi. Haba jama'a! Wannan dattijo shi ya tarbi da yawanmu a tashar jirgin ƙasa muna rawar sanyi, a falonsa aka fara yin wannan taro, shi ya yi ta zirga-zirga har aka san inda za mu kai mamatanmu. Yau ana neman kuɗin sa ƙarfen dafawa da sauko da gadonsa ƙasa kafin na hukuma ya fito, ma'aji ya buɗe littafi ya rufe.

Na san abin da ke ran wasunmu, domin yana raina ni ma. A gida da wuya a bar tsoho haka. Da an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon, jikoki suna karɓeɓeniyar jinya, kular abinci tana shigowa daga gidan maƙwabta, liman ya leƙo bayan La'asar. Amma kada kewa ta rufe mana ido. A can majinyaci ne yake sayen allura da safar hannu, kuma wanda ya koma Najeriya da zama, fanshonsa na gwamnatin ƙasar nan yana tsayawa cak a kan adadin da ya tafi da shi, ba a ƙara masa duk shekara, haƙƙinsa na magani kyauta a nan ma yana faɗuwa. 'Ya'yan da za su yi jinyar kuwa a nan aka haife su. Mun zo da niyyar shekara biyar mu koma, ga furfura ta riske mu a nan, don haka a nan ya kamata mu yi shiri.

Shirin kuwa ba duka ne na kuɗi ba. Abubuwa da yawa haƙƙinmu ne, rashin sani da jin kunyar tambaya suke sa mu asara. Auna buƙatar mutum kyauta ne ko nawa ya mallaka. Bayan sallama daga asibiti ana iya samun taimakon farfaɗowa a gida kyauta har zuwa mako shida. Akwai tallafin da ake kira Attendance Allowance ga wanda ya kai shekarun fansho, ba a duba dukiyarsa. Wanda jinyarsa ta yi nauyi sosai ana iya duba shi a ƙarƙashin tsarin Continuing Healthcare, inda NHS take ɗaukar kuɗin duka, ko da yake samunsa sai an dage. Mai jinyar da ke ba da awa 35 a mako shi ma yana da nasa tallafin, sai dai ya kiyaye iyakar abin da yake samu a wurin aiki, domin wanda ya haura ta ko da kaɗan ne ana bin sa bashin abin da ya karɓa. Sannan ina roƙon kowane magidanci da kowace uwa su yi takardar wakilci, wadda ke ba wani ikon kula da kuɗinsu idan sun kasa, tun hankali yana jikinsu, saboda idan mantuwa ta riga ta shiga, matarka ba za ta iya taɓa asusunka ba sai ta bi ta kotu. Dattijonmu bai yi ba, Allah ya sa bakinsa da hankalinsa suna nan, kuma a makon nan za a cike masa.

Don haka, mai girma shugaba, ina gabatar da ƙudurin a ware asusun jinya daban da na biki da walima, a ƙara fam 5 a kan kuɗin wata dominsa, a kuma naɗa ma'aikatan jinyarmu da masu aikin kula da tsofaffi su zama kwamitin da zai riƙa raka iyali duk ranar da za a zauna da jami'an hukuma. Ranar Laraba za a yi zaman dattijonmu, ina buƙatar mutum biyu da za su zauna kusa da Hajiya, ɗaya a cikinsu mace. Ina kuma buƙatar matasa huɗu ranar Asabar su sauko da gado daga bene. Malam ma'aji yana bakin ƙofa da littafi da na'urar karɓar kati, masu bashi su fara ganinsa kafin a buɗe abinci. Wa zai goyi bayan ƙudurin?