Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Turai Masu Cin Hunturu a Bakin Teku

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Tun da muka taɓo zancen 'yan fanshon Turai masu gudun sanyi a makon jiya, wasiƙu suka yi ta kwararowa, shi ya sa na ware musu shirin yau kacokan. Ina tare da Dakta, malamin jami'a mai nazarin harkar yawon buɗe ido. Dakta, barka da zuwa.

Dakta: Barka kadai Hajiya, ina gai da masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah daga Maraɗi yana tambaya, yaushe suke tafiya? Galibi daga Nuwamba, su koma gida a Maris ko Afrilu. Wata ɗaliba daga Gusau kuma ta ce, tsibiran Kanari da tsofaffin ke zuwa, a Turai suke ko a Afirka? 'Yata, Sifaniya ce ke mulkinsu, amma mafi kusa a cikinsu tazararsa da gaɓar Maroko ba ta wuce kimanin kilomita 100 ba. Ki riƙa leƙa taswira kin ji, kada ki bar wa rediyo aikin makaranta.

To ga wadda ta fi yawa. Ta zo daga Kumasi da Garwa da Zariya, har da Injamena. Wata uwa ce ta fi kowa fito da ita fili, ta ce: "Yaya tsoho zai bar 'ya'ya da jikoki wata huɗu ya tafi ƙasar da ba shi da kowa? Ko 'ya'yan ne suka yar da su?"

Baba, kafin Dakta ya amsa, bari in faɗa miki irin sanyin da ake magana. Hunturunmu na safe ne, hantsi na ɗagawa an fito shan rana. A Landan kuwa, cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. A garin Tromso na arewacin Norway, kusan wata biyu ake yi ba a ga fitowarta ba. Lokacin da nake karatu a Ingila ina da wata maƙwabciya tsohuwa. Duk sadda na leƙa ta, sai in tarar da ita a ɗaki ɗaya, da kwat da safa biyu da bargo a cinya, ta riƙe kofin shayi da hannu biyu don ta ji ɗumi. Abin ɗumama ɗaki yana nan, amma sa'a ɗaya take kunna shi saboda tsoron kuɗin gas. Fita kuwa ba ta yi, tana gudun santsin ƙanƙara kada ta karye a ƙugu. Wallahi har yau ina tuna ta. Dakta, bismilla.

Dakta: To Hajiya, ai in ana wannan zance sai an fara da Benidorm. Ƙaramin garin masunta ne a gabashin Sifaniya, har zuwa shekarun 1950, lokacin da magajin garin, Pedro Zaragoza, ya tsara mai da shi wurin baƙi. Yau dogayen otal-otal ne reras a bakin teku. Matsalarsu ita ce, baƙi da bazara suke zuwa. Da sanyi ɗakuna su zama wayam, a sallami ma'aikata. Sai masu otal suka ga gara a karya farashi a samu tsofaffi su yi dogon zama. Ita kanta gwamnatin Sifaniya, tun 1985 take da shirin da ake kira Imserso, tana tallafa wa 'yan fanshonta su je hutu a watannin da babu baƙi. Na je garin a watan Janairu. Da hantsi za ki ga tsofaffi sun jeru a kan yashi suna motsa jiki, masu ciwon ƙafa kuma suna bin gefen teku a kan 'yan kekunan lantarki na haya. Zafin rana ya kai digiri 16 ko 17, su kuwa har da gajeren wando…

Mai gabatarwa: Dakta, ka kai mu Benidorm ka bar Baba a Kumasi. Maganar 'ya'ya ta yi.

Dakta: Af, haka ne, a yi mini afuwa. Can zaman gandu ya daɗe da ƙarewa. Ɗa yana wani gari yana aiki, uwa tana gidanta ita kaɗai, ko ta tafi ko ta zauna ba kullum za su haɗu ba. Da yawa ma 'ya'yan ne ke saya musu tikiti. Wasu kan dawo gida bikin Kirsimeti su sake komawa. A can kuma suna tarar da sa'o'insu, waɗanda suke haɗuwa da su duk shekara a otal ɗaya.

Mai gabatarwa: To kin ji, Baba. Bari in maimaita don waɗanda suka aiko da irin tambayarki: sanyi ne, da tsadar ɗumama gida, da kaɗaici. Kuma ba attajirai kaɗai ba ne, akwai tsofaffin direbobi da malaman makaranta da nas-nas. Ni dai a ganina cin rani ne, sai dai namu nema ake fita, nasu kuwa lafiyar ƙashi ake bi. Mutumin da ya yi shekara 40 yana aiki, in ya ce zai bi rana, ban ga laifinsa ba. Ku kuma 'yan Zariya da kuka rubuto kuna zagin 'ya'yan Turawa, yaushe rabonku da ku sai wa tsohuwarku bargo?

Wani ɗan kasuwa daga Kaduna ya ce, suna iya zama iya son ransu? A'a. Tun 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ɗan Birtaniya kwana 90 yake da shi cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, har da Sifaniya, in ba shi da biza ko takardar zama. Kwana 90 cikin 180, ba wata shida a jere ba. Wanda ya sauka a farkon Nuwamba, kafin ƙarshen Janairu ya tattara, sanyi bai ƙare a gida ba.

Dakta: Su ma 'yan Kanada masu gangarawa jihar Florida ta Amurka akwai irin wannan lissafi. Mutumin lardin Ontario sai ya yi kwana 153 a gida cikin wata 12, in ba haka ba inshorar lafiyarsa ta gwamnati na iya faɗuwa.

Mai gabatarwa: Daga Serekunda, wani mai sayar da kayan fata ya ce a ambaci Gambiya. Mun ambata, Alhaji. 'Yan Suwidin ne suka buɗe hanyar a 1965, yanzu 'yan Birtaniya na cikin mafiya yawa, tafiyar kimanin sa'a shida ce a jirgi. Kai ka fi mu sanin yadda kasuwa ta girgiza da kamfanin shirya tafiye-tafiyen hutu na Birtaniya, Thomas Cook, ya durƙushe a Satumban 2019, daf da shigowar baƙi.

Sai wani matashi daga Kano, ya ce tunda tsibiran Kanari kusa suke kuma tsofaffi na buƙatar masu hidima, yaya ake shiga ta kwalekwale? Ɗana, ka saurare ni da kyau. A 2024 mutum fiye da 46,000 ne suka isa tsibiran ta ruwa, kuma dubbai sun halaka a hanya, da yawansu ko gawa ba a gani ba. Tsohon da ka ji muna zancensa da fasfo da tikitin komawa ya sauka. Don Allah ka cire wannan tunani daga ranka, ka sake rubuto mana, za mu nemo wanda zai yi maka bayanin bizar aiki.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Damagaram kan Faransawan da ke cin hunturu a Agadir ta Maroko cikin motocin kwana, taka ce ta farko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Dakta, mun gode.

Dakta: Ni ke da godiya, Hajiya.