Amsoshin Tambayoyinku: Saniyar da ta warke daga IBR ta rabu da cutar?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani makiyayi ce a Potiskum. Ya ce ya sayo bijimi lafiyayye a kara, bayan 'yan kwanaki shanunsa suka kama zazzaɓi da majina da hawaye, hancinsu ya yi jawur, daga baya masu ciki suka fara ɓari. Yana tambaya ko ciwon huhu ne.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Sai likitan dabbobi ya ɗebi jini da majina an auna kafin a yanke hukunci, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan don irin wannan. Amma alamun sun yi kama da cutar IBR, ciwon hanci da maƙogwaron shanu, wadda ƙwayar bairos ta dangin herpes ke haddasawa. A Amurka aka fara gane wannan nau'in nata na numfashi, cikin shekarun 1950.

Yawancin shanu kan miƙe cikin mako biyu, kuma a nan ake yaudaruwa. Ƙwayar ba ta fita daga jiki, sai ta shige jijiyoyin kai ta kwanta har ƙarshen ran dabbar. Ranar da wahala ta same ta, doguwar tafiya a tirela, cunkoso ko haihuwa, sai ƙwayar ta farka ta fita ta hanci. Don haka bijiminka yana iya zama silar abin alhali ko tari bai yi ba, kuma mai yiwuwa wanda ya sayar maka ma bai sani ba. Tana bi ta barbara ma.

Ina roƙonku ku rage dirka wa shanu allurar kashe ƙwayoyin bakteriya (antibayotik) ba da izinin likita ba. Ba ta taɓa bairos, sai dai ta tare ciwon da ke biyo baya. Sabuwar dabba a ware ta mako uku zuwa huɗu, da wurin shan ruwanta daban. Cutar ba ta kama mutum.

Sai wata baiwar Allah mai gonar madara a Zariya. Tana son shigo da maniyyin bijimi daga Turai, ta ce me ya kawo tulin takardu haka?

Hajiya, takardun nan kariyarki ne, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayar a cikin maniyyi. IBR tana cikin jerin cututtukan Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya. Denmark da Sweden da Finland da Austriya sun kakkaɓe ta, Jamus ta samu shaidar rabuwa da ita a 2017, bayan shekaru ana gwaji ana fitar da masu ɗauke da ita. Irin waɗannan ƙasashe ba sa karɓar saniya sai da sharuɗɗa masu tsauri. Abin da ya taimaki Jamus shi ne rigakafin da aka cire wa wani sashe na ƙwayar, yadda gwajin jini zai bambanta wadda aka yi wa allura da wadda ta kamu. Rigakafin yana rage ciwo da yaɗuwa, amma ba ya fitar da ƙwayar da ta riga ta kwanta.

Abin da ke damuna shi ne, a Maigatari ko Wudil da ido ake ciniki, ido kuwa ba ya ganin wannan cutar. Ke dai kada ki biya ko sisi sai kin ga shaidar cewa an gwada bijimin ba shi da IBR, ki kuma nuna wa likitanki ya tantance.