Sharhi: Idan kare ya ciji mutum, wa zai biya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wata tambaya da ake yawan kauce mata a unguwanninmu domin gudun ɓata zumunci: idan kare ya ciji mutum, a wuyan wa alhakin yake, kuma wa zai biya kuɗin magani da diyyar rauni?

A shekarar 2023, Babbar Kotun jihohin Punjab da Haryana a arewacin Indiya ta ba da tata amsar, bayan ta haɗa ƙararraki 193 na mutanen da dabbobi masu yawo a titi suka jikkata ko suka yi sanadin mutuwar 'yan uwansu. Kotun ta ce duk wanda kare ya ciza za a biya shi aƙalla rupi 10,000 a kan kowane shatin haƙori da ya fito a jikinsa, idan kuma karen ya yagi tsoka, a biya aƙalla rupi 20,000 a kan kowane milimita 2 na raunin. Ta ɗora wa gwamnatin jiha nauyin fara biya, daga baya ita gwamnatin ta bi hukuma ko mutumin da ya yi sakaci ta karɓi kuɗinta, sannan ta umarci a kafa kwamiti a kowace gunduma wanda zai yanke magana cikin wata 4 da shigar da koke. Mutum yana iya ja da wannan lissafi na ƙirga haƙora, domin rauni a fuskar yarinya da rauni a ƙafar magidanci ba su zama ɗaya ba ko da faɗinsu ya zo daidai. Amma hukuncin ya kawar da abubuwa biyu da suka fi wahalar da wanda aka ciza, wato rashin sanin wanda zai kama, da jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba.

A wajenmu kowa ya san yadda lamarin yake tafiya. Mai ruwa ya turo kurarsa ƙofar gida, ko almajiri ya yi sallama da ƙoƙonsa, ko ma'aikacin wutar lantarki ya zo duba mita, ya ji haushin kare ya ja da baya, sai a ce masa daga ciki, “Shigo abinka, ba ya cizo.” Idan abin ya faru, maganar sai ta koma “tsautsayi ne, a yi haƙuri, Allah ya kiyaye gaba.” Mai kare mai mutunci yakan ɗauki mutum ya kai shi asibiti ya biya komai, kuma akwai irinsu. Wani kuwa zai miƙa abin da bai kai kuɗin allura ɗaya ba, idan aka yi magana ya tambayi abin da ya kawo mutum ƙofar gidansa. Yawancin waɗanda abin yake faɗa wa yara ne da masu neman na abinci a rana, mutanen da ba su da lauya, kuma jin nauyin mai gida ba zai bar su su kai shi gaban mai unguwa ba, balle kotu.

Ko da sun je kotun, dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ba ta sauƙaƙa musu ba. A wannan tsari an raba dabbobi gida biyu. Wanda ya ajiye dabbar daji irin su zaki ko kura, duk ɓarnar da ta yi a wuyansa take ba tare da wata tambaya ba. Kare kuwa ana lissafa shi cikin dabbobin gida, saboda haka sai mai ƙara ya tabbatar da cewa mai karen ya riga ya san karensa yana da halin kai wa mutane hari, ko kuma ya nuna sakacin da aka yi a fili, kamar barin ƙofa a buɗe. A shari'ar Daryani da Njoku da aka yi a Legas a 1965, wanda aka ciza ya yi nasara ne domin an kawo shaidar cewa karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan kuma an faɗa wa matar mai gida, kotu ta ce sanin matar sanin mijinta ne. Hukuncin ya yi adalci ga wanda aka ciza na biyu. Tambayar da ta rage ita ce ta 'yar aikin da aka fara ciza, wadda jininta ne ya zama hujjar wani, alhali ita kanta da ta kai ƙara za a iya ce mata ai ba wanda ya san karen yana cizo.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Akwai hadisi ingantacce da ya nuna cewa raunin da dabba ta yi ba a biyansa, amma malamai sun bayyana cewa wannan yana nufin inda babu sakaci daga mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na ƙasar Hausa suke bi, an ambaci kare mai cizo da sunansa: wanda ya ajiye shi, aka gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, to lamunin abin da karen ya yi yana kansa. Saboda haka maƙwabcin da ya je ya gargaɗi mai kare a gaban shaidu bai yi neman fitina ba, ya kafa hujjar da shari'a take buƙata.

Faransa ta bi wata hanya dabam tun a kundin dokokinta na 1804. A can doka ta ce mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin, shi ke da alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa, ko ta ɓata, ko ta tsere. Ba a tambayar ko ta taɓa cizo. Wannan ƙa'ida ce Nijar da wasu ƙasashen da Faransa ta mulka suka gada a rubuce, kuma ita ce jihohi da dama na Amurka, ciki har da Kalifoniya, suka kafa a dokokinsu game da cizon kare.

A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta fi dacewa da halin da garuruwanmu suke ciki yanzu. Matsalar tsaro ta sa mutane da yawa suna ajiye manyan karnukan gadi na ƙasashen waje, waɗanda aka saya da tsada kuma aka horar da su musamman domin su kama mutum. Wanda ya sayi irin wannan kare domin ya tsoratar da ɓarawo ba zai dawo ya ce bai san yana cizo ba. Shi ya zaɓi ajiye shi, shi yake barci da kwanciyar hankali saboda shi, shi kaɗai ne yake da ikon ɗaure shi da gyara katanga da kai shi wurin likitan dabbobi, to asarar ma shi ya fi cancanta ya ɗauka, ba yaron da ya bi ta lungu zai tafi makarantar allo ba. Wannan ba ya nufin a zalunci mai kare. Wanda ya haura katanga cikin dare, ko babban mutum da ya tsokani kare da jifa, a ƙasashe da dama kotuna sukan rage musu diyya ko su hana su ɗungurungum, kuma hakan daidai ne.

Ita kanta Ingila da muka gaji dokar daga gare ta ba ta tsaya inda ta bar mu ba. Ta kafa dokar karnuka masu haɗari a 1991, a 2014 kuma ta faɗaɗa ta har ta shafi harin da ya faru a cikin gidan mai karen, da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 idan an rasa rai. A watan Fabrairun 2024 kuma ta wajabta wa duk mai son ci gaba da riƙe nau'in karen da ake kira XL Bully ya yi masa rajista da inshora, bayan sharaɗin cewa ba zai fito da shi ba sai da igiya da takunkumi. A Amurka kamfanonin inshorar gidaje sun biya sama da dala biliyan 1 a shekarar 2023 kaɗai a kan raunukan da karnuka suka jawo.

A nahiyarmu akwai dalilin da ya sa maganar biya ba ta jira, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da ƙyar ake tsira. Abin da ke ceton rai shi ne a wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a fara allura a ranar, a kuma kammala sauran alluran a ranakun da likita ya tsara. Uban da ba shi da kuɗin allurar ba zai iya jiran kotu ta zauna ba, don haka ya kamata doka ta tilasta wa mai kare biyan kuɗin allura nan take, a yi shari'ar sauran diyya daga baya, wato ranakun aikin da aka rasa, da tabon da zai zauna a jiki, da firgicin da yakan daɗe a zuciyar yaro.

Wanda aka ciza ma yana da nasa aikin. Ya ɗauki hoton raunin, ya adana rasitan asibiti, ya riƙe sunayen waɗanda suka gani, ya nemi a nuna masa katin rigakafin karen. Kada matasan unguwa su yi saurin kashe karen su jefa a juji, domin likitoci suna buƙatar a tsare shi a sa masa ido na kwana 10, idan kuma ya mutu ana iya gwada kansa a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Saura karnukan da ba su da mai su, masu kwana a kasuwa da mahauta da bakin juji. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na 4, ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Tunda ikon yana hannunsu, ya kamata majalisun dokokin jihohi su fayyace cewa ƙaramar hukumar da ba ta yi wa karnukan yankinta rajista da rigakafi ba, ita za ta biya kuɗin allura da diyyar wanda karen titi ya ciza, a kuma ƙayyade mata wa'adin biya.